Baloubet du Rouet: Abin Da Ingarma Ya Ci A Fage Da Abin Da Ya Bari A Turke

A Kaduna ba sai an yi wa mutum dogon bayani kan darajar doki ba. Garin da aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka sake tara dawakin masarautun Arewa a 1977 lokacin bikin FESTAC, kuma har yau ake fafatawa a kan Kofin Georgian a filin ƙwallon dawaki da ke gefen Dandalin Murtala, ya san ingarma idan ya gan shi. Sai dai akwai wani fanni na harkar dawaki da bai yi ƙarfi a wurinmu ba, wato gasar tsallake shinge, kuma a wannan fanni ne aka fi samun amsa mai hujja ga tambayar da masu dawaki suka daɗe suna gardama a kanta a barga: shin dokin da ya yi fice a fage lalle ne ya haifi irinsa? Tarihin wani jan ingarma ɗan ƙasar Faransa mai suna Baloubet du Rouet, wanda aka haifa a 1989 ya mutu a 2017, ya isa a auna tambayar da shi, domin an rubuta asalinsa, an rubuta gasannin da ya shiga, an kuma bi diddigin 'ya'yansa da jikokinsa ɗaya bayan ɗaya.

Ga wanda bai taɓa kallon gasar ba, tsarinta mai sauƙin fahimta ne, aikin ne mai wuya. Ana jera shingaye goma sha biyu zuwa goma sha huɗu a fili mai yashi ko ciyawa, kuma a babbar gasa tsayin wasunsu yakan kai mita 1.60, wato ya kusa tsayin matsakaicin mutum. Sandunan da ke saman shingen ba a ɗaure suke ba, an aza su ne kawai a kan wasu 'yan maƙalai marasa zurfi, ta yadda da kofato ya taɓa su da ɗan ƙarfi sai su faɗo. Kowace sanda da ta faɗi maki huɗu ne na laifi. Idan doki ya turje a gaban shinge ko ya kauce masa, nan ma laifi ne, idan ya maimaita a fitar da shi daga gasar, sannan akwai lokacin da aka ƙayyade wanda wuce shi yana da nasa hukuncin. Waɗanda suka tashi kunnen doki sukan koma zagayen raba gardama, inda ake rage yawan shingaye a bar sauri ya yanke hukunci. Kafin a fara, mahaya sukan shiga filin da ƙafa, kowa yana auna tazarar da ke tsakanin shinge da shinge da takunsa, domin taku ɗaya na doki a ƙaramar sukuwa ya kai kimanin mita uku da rabi, kuma mahayi yana so ya san tun da wuri ko taku biyar zai yi tsakanin wannan shinge da wancan, ko kuwa zai ja linzami ya matse shida. Kuskuren rabin taku ya isa ya sa doki ya tashi daga nesa ya faɗa kan sandar baya, ko ya matso ƙwarai ya bugi ta gaba da gwiwa.

Dokin da zai yi nasara a nan dole ya kasance da ƙarfin ƙugu da cinya da zai ɗaga jikin da ya haura kilo 500, ga mahayi a bisa, ya kuma iya naɗe ƙafafunsa na gaba har kofato ya kusa taɓa ƙirji. Amma ƙarfi shi ne mafi sauƙin samu. Abin da ke wahalar da masu kiwo shi ne haɗa halaye biyu da ke karo da juna. Ana son doki mai ƙyamar taɓa sanda, wanda idan ƙafarsa ta bugi itace sau ɗaya zai ƙara tashi sama a shinge na gaba, ana kuma son mai zuciya, wanda zai tunkari abin da bai taɓa gani ba ba tare da ya ja baya ba. Dokin da zuciyarsa ta yi yawa yakan raina sanda ya riƙa zubar da ita, wanda kuma taka-tsantsansa ya yi yawa, ranar da ya ji zafi ko ya firgita, sai ya ga gara ya tsaya da ya taɓa. Manyan dawakin tsalle duk a tsakanin waɗannan halaye biyu suke, kuma wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane abin da ya sami Baloubet a shekara ta 2000 ba.

An haife shi a gonar Rouet da ke ƙauyen Juilley a yankin Nomandi, arewa maso yammacin Faransa, a hannun iyalin Fardin masu kiwon dawaki. A tsarin Faransa kowace shekara tana da harafinta, duk duƙushin da aka haifa a 1989 sunansa da B yake farawa, sai a liƙa masa sunan gonar da ya fito, don haka mai saye ya san shekarun doki da gidan da ya yi kiwonsa tun kafin ya buɗe bakinsa ya duba haƙora. Ubansa Galoubet A, haihuwar 1972, yana cikin ayarin Faransa da ya ci gasar duniya a Dablin a 1982 ƙarƙashin Gilles Bertran de Balanda, kuma 'yan kallo sun san shi da tutsu, domin yakan yi harbi da ƙafafun baya bayan ya dire daga shinge. Kakansa Almé, haihuwar 1966, yana cikin ingarmu ƙalilan da za a ce sun sauya fasalin dokin tsalle a Turai baki ɗaya. Abin lura shi ne uwar Galoubet, Viti, ba daga zuriyar masu tsalle ta fito ba. Goɗiya ce daga irin dawakin da ake tseren sassarfa da su suna jan ɗan keke mai ƙafa biyu, irin da masu taƙama da tsarkin jini ba sa ko waiwaya idan ana zancen dokin sirdi. Ta ɓangaren uwa kuwa, Mésange du Rouet 'yar Starter ce, shi kuma ɗan Rantzau, wanda yake daga irin dawakin tsere na asalin Ingila. Wato jini uku ne suka haɗu a jikin Baloubet, na tsalle da na juriya da na gudu, kuma kowanne an san ta ƙofar da ya shigo.

Yana ɗan shekara uku wani attajiri ɗan Fotugal, Diogo Pereira Coutinho, ya saye shi ya damƙa shi ga Nelson Pessoa, ɗan Birazil mazaunin Turai, gogaggen mahayin da ya ci gasar Dabi ta Hambag har sau bakwai. Ba doki ba ne da zai burge mai neman na hawan sallah. Dogo ne mai yawan ƙashi, mai zafin jini, wanda ba kowane hannu ne zai iya da bakinsa ba. Nelson ya kwashe shekaru yana lallaba shi a matakan ƙananan dawaki kafin ya miƙa shi ga ɗansa Rodrigo, kuma wannan haƙurin yana cikin abin da ya kamata a lissafa duk lokacin da ake yabon jinin dokin, domin da ya faɗa hannun mai gaggawa da wataƙila babu wanda ya ji sunansa.

Kofin Duniya na tsallake shinge, wanda aka yi wasan ƙarshensa na farko a 1979, ana yin zagayensa na Turai a rufaffun zauruka lokacin hunturu, a kammala a watan Afrilu, inda ake haɗa sakamakon kwana uku na gasa. Filin zaure matsattse ne, kwana tana zuwa da sauri, 'yan kallo suna dab da shinge, kuma kuskure ɗaya a ranar farko yakan bi mahayi har ranar ƙarshe. A nan ne Baloubet da Rodrigo suka yi abin da babu dokin da ya yi kafinsu ko bayansu. Sun ci a Helsinki a 1998, dokin yana shekara tara kacal, suka ci a Gotenbag ta ƙasar Suwidin a 1999, suka sake ci a Las Begas ta Amurka a 2000. Mutane sukan tsaya a kan waɗannan ukun, amma a ganina shekaru ukun da suka biyo baya sun fi nuna ko wane ne shi: na biyu a 2001, na uku a 2002, na biyu a 2003. Shekara shida a jere doki ɗaya bai fita daga cikin ukun farko ba, a wasan da sanda ɗaya ke iya mayar da mutum na goma. Mai kiwo ya fi mai kallo sanin ma'anar wannan, domin yana nufin jijiya da gaɓa da kofato sun jure duka na shekaru, hankali kuma bai gaji da aikin ba, kuma waɗannan abubuwa ne da ake fatan a gada.

A tsakiyar wannan ɗaukaka aka je gasar Olamfik ta Sidni a 2000, kowa yana ganin zinariyar ta riga ta sami mai ita. Birazil ta sami tagulla a gasar ayari da gudummawarsu. A wasan ƙarshe na ɗaiɗaiku sun gama zagayen farko ba laifi ko ɗaya, amma a zagaye na biyu Baloubet ya turje, aka juyo da shi ya sake turjewa, a karo na uku dokar wancan lokaci ta fitar da su, zinariyar ta tafi ga Jeroen Dubbeldam na Holan da dokinsa De Sjiem. Na sha jin masu cewa ranar ce ta tona asirinsa, kuma ban yarda da su ba. Ƙyamar taɓa sanda da ta ba shi kofi uku ita ce dai ta tsayar da shi a gaban wancan shinge, kuma mai son ya gaji ɗaya dole ya shirya karɓar ɗayan.

Bayan shekara huɗu, a Atina babban birnin Girka, suka gama da maki takwas daidai da Chris Kappler na Amurka, yayin da Cian O'Connor na Ayalan ke gaba da maki huɗu. A zagayen raba gardama na neman azurfa, ingarman Kappler mai suna Royal Kaliber ya ji rauni a jijiyar ƙafa, mahayin ya sauka ya janye, dokin kuma ya mutu bayan 'yan makonni sakamakon ciwon ciki. Rodrigo ya koma gida da azurfa. Daga baya gwajin da aka yi wa Waterford Crystal, dokin O'Connor, ya nuna sinadaran da aka haramta, kuma ko da yake hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta amince cewa mahayin bai yi nufin maguɗi ba, ta soke sakamakonsa a 2005. A wannan shekarar aka miƙa wa Rodrigo zinariyar a birnin Riyo, ita ce ta farko da Birazil ta taɓa samu a wasan dawaki na Olamfik. Baloubet yana shekara goma sha biyar lokacin da ya yi wannan tsallen, kuma bai daɗe ba ya bar fage.

Yanzu ga inda lissafin ke ɗaukar hankali. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya. Duƙushi ba ya ɗaukar sirdi sai ya kai shekara uku, ba a barin doki ya shiga tsallen Olamfik sai ya cika tara, kuma yawancinsu ba sa kai ganiyarsu sai tsakanin goma da goma sha huɗu. Ma'ana, daga ranar da aka kai goɗiya baye zuwa ranar da za a san ko an dace, shekara goma ce ko fiye. Biyu daga cikin fitattun 'ya'yan Baloubet, Chaman da Balou du Rouet, haihuwar 1999 ne, wato an yi bayensu a 1998, kafin Sidni, kafin Atina, kafin ma ya ci kofinsa na biyu. Waɗanda suka kai goɗiyoyinsu a lokacin ba lambar zinariya suka saya ba, sun dubi yadda yake tashi da yadda yake amfani da bayansa, suka dubi kundin nasabarsa, suka yi kasada. Tarayyar ƙungiyoyin kiwon dawakin wasa ta duniya, WBFSH, ba ta sanya shi a matsayi na ɗaya cikin ingarmun tsalle ba sai a 2012 da 2013, yana shekara ashirin da uku da ashirin da huɗu, ya riga ya koma hutu a Fotugal inda daga baya ya mutu yana da shekara 28.

Yadda doki ɗaya ke fafatawa a Amurka yayin da ake ɗaukar cikin 'ya'yansa a Jamus da Holan da Faransa, wannan aikin ɗurin maniyyi ne. Ana tatsar maniyyin ingarma a gauraya shi da ruwan kariya, a zuba a siraran tsinkayen roba masu cin rabin mililita, a nutsar da su cikin tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A haka zai yi shekaru bai lalace ba, a ɗora shi a jirgi zuwa kowace ƙasa, likitan dabbobi ya narkar da shi a ruwan ɗumi ya ɗura wa goɗiya a daidai lokacin da take sakin ƙwai. Ba baƙon abu ba ne ga mutanen jihar nan, domin cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika kusa da Zariya ta daɗe tana yin irinsa ga shanu. Uban Baloubet yana cikin ingarmu na farko-farko da aka yi wa haka a Faransa. Masu dawakin tsere na asalin Ingila har yau sun haramta wannan hanya, ba sa yi wa duƙushi rajista sai ingarma ya hau goɗiya da kansa, amma masu dawakin tsalle sun buɗe ƙofar, kuma ita ce ta sa Chacco-Blue, wanda ya mutu a 2012 yana shekara goma sha huɗu, ya hau saman jerin WBFSH a 2017 ya kuma daɗe a can.

To me Baloubet ya bari? Chaman ya ci manyan gasanni a hannun Ludger Beerbaum na Jamus, kuma uwarsa 'yar I Love You ce, wanda shi ma ɗan Almé ne, wato da gangan aka maimaita jinin kakan ta ɓangare biyu. Bubalu, ƙarƙashin Jur Vrieling, yana cikin ayarin Holan da ya sami azurfa a Olamfik ta Landan a 2012, yana kuma cikin wanda ya ci zinariyar duniya a 2014 a Nomandi, yankin da aka haifi ubansa. Palloubet d'Halong ya zo na biyu a babbar gasar Aachen a 2013 da Janika Sprunger ta Suwizalan, aka sayar da shi a shekarar domin ayarin Katar a kan kuɗin da rahotannin lokacin suka ce ya kai yuro miliyan 11. Goɗiya Sydney Une Prince tana cikin ayarin Faransa da ya ci zinariya a Riyo a 2016 ƙarƙashin Roger-Yves Bost. Abin da masu kiwo suka fi danganta wa zuriyarsa shi ne faɗin tsalle, da kuzari, da ƙyamar sanda, tare da zafin kan da ke buƙatar ƙwararren mahayi, shi ya sa ake ba da shawarar a haɗa shi da goɗiya mai sanyin hali da dunƙulallen jiki.

Amma misalai biyu ne suka fi koyar da darasi, kuma duka biyun sun ɗan yi wa karin maganar nan ta barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe gyara. Na farko Balou du Rouet, wanda ya fito daga gonar Paul Schockemöhle a Jamus. A fage bai kai inda ubansa ya kai ba, ko kusa, amma a baye ya zama ɗaya daga cikin ingarmun da aka fi nema, domin ya fi uban kyan sura da sauƙin hawa, kuma 'yarsa Bianca ce ta kawo wa Steve Guerdat tagullar ɗaiɗaiku a gasar duniya ta 2018. Na biyu Explosion W, wanda Ben Maher na Birtaniya ya ci zinariyar Olamfik ta Tokiyo da shi a 2021. Ubansa Chacco-Blue ne, kuma sunan uban ake ambata, amma uwarsa 'yar Baloubet ce. Jinin ya bi ta goɗiya ya ɓulla a jika, shekara huɗu bayan mutuwar kakan. Sai a haɗa da cewa wani ɗan Galoubet, Quick Star, shi ya haifi Big Star da Nick Skelton ya ci zinariyar ɗaiɗaiku da shi a 2016, a ga cewa abin da ake kira gadon Baloubet reshe ne ɗaya na wata zuriya da ta faro kafin shi.

Jerin WBFSH kansa yana buƙatar a karanta shi da hankali. Ana tara makin da 'ya'yan ingarma suka samu a gasannin ƙasa da ƙasa ne a haɗa masa, don haka wanda ya haifi dubu yana da rinjaye a kan wanda ya haifi ɗari ko da ɗarin sun fi inganci. Bayan haka, ingarman da ya yi suna shi ake kai wa goɗiyoyi mafi kyau, 'ya'yansa su ne masu kuɗi ke saye, su ne ke samun abinci da magani da mahaya mafi ƙwarewa, sai nasararsu ta dawo ta ƙara wa uban suna. Binciken masana ya nuna cewa kason nasarar gasa da ake gada ta jini matsakaici ne, bai kai rabi ba, sauran na horo ne da kiwo da lafiya da mahayi. Saboda wannan ne Faransawa tun shekarun 1980 suke amfani da wani lissafi da ke duba sakamakon dangin doki gaba ɗaya, ya ware gudummawar uwaye, domin a gane abin da uban ya bayar shi kaɗai.

Batun uwa shi ne wanda aka fi zalunta. Duƙushi rabin halittarsa daga uba ne rabi daga uwa, sannan uwa ta ƙara da mahaifa da nono da watannin farko da yake koyon tsoro ko natsuwa a gefenta. Dalilin da ya sa sunan ingarma ke tashi ba don ya fi bayarwa ba ne, don ana iya auna shi ne: yana iya haifar ɗaruruwa a shekara, goɗiya kuwa a ɗabi'a ɗaya take haifa, kafin a tara 'ya'yanta da za su isa hujja ta tsufa. Dashen ɗan tayi ya rage wannan giɓi, inda ake wanko tayin daga mahaifa yana ɗan kwana bakwai ko takwas a dasa wa wata goɗiya ta riƙe cikin, ita kuma uwar ta ci gaba da gasa. Akwai kuma zakarun da ba su bar komai ba saboda an dandaƙe su tun suna ƙanana, kamar Milton, da Shutterfly wanda shi ma ya ci Kofin Duniya sau uku amma ba a jere ba. E.T. na Hugo Simon sai da aka yi kwafin halittarsa a 2006 kafin a sami ingarman da zai yaɗa jininsa. Haɗarin da ke cikin wannan duka shi ne kowa ya ruga ga ingarmu goma ko ashirin da ke saman jeri, jini ya ƙuntata, aibin da ke ɓoye a jikin ɗaya ya bazu cikin dubbai.

A nan ne labarin ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya taɓa zama wurin cinikin doki a Kaduna ko Zariya ya san yadda zancen ke tafiya. Mai saye ya zagaya dokin, ya ɗaga leɓe ya duba haƙora, ya shafa jijiyoyin ƙafa, ya ɗaga kofato, a sa yaro ya hau ya yi kilisa da shi ya dawo ya yi zamiya. Dillali ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɗan Sudan ne, ubansa ya yi suna a tsere." Idan mai saye ya ce, "To uwarsa fa, Malam?" amsar ba ta wuce, "Alhaji, ai goɗiya ce mai kyau." Ba ƙarya dillalin ya yi ba, iyakar abin da ya iso gare shi ke nan. Idon mutanenmu a kan doki ba ya kasa na kowa, 'yan barga da suka tashi a gindin turke suna gane gurgunta tun kafin likita ya gani, amma yawancin dawakin da ke turakunmu ba su da takardar nasaba, kuma al'adarmu ta hawan ingarma a bar goɗiya a ƙauye ta sa rabin asalin kowane doki yana ɓacewa a zuriya ɗaya.

Wani zai ce mafita ita ce a sayo tsinken maniyyin jikan Baloubet a ɗura wa goɗiyoyinmu, kuma ba na ganin nan ne za a fara. Dokin da aka tsara domin sanyin Nomandi da ciyawarta zai sha wuya a zafin Maris da Afrilu, ga cutar nan ta dawakin Afirka da ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, wadda take kashe mafi yawan baƙin dawakin da ta kama, kuma ita ce ta sa fitar da doki daga nan zuwa gasar Turai ke da matuƙar wuya. Dokin Arewa, mai jinin Barbar da na Dongola, ya saba da harawa da dusa da kanwa, yana da juriya da ƙarfin kofato da ba a saye da kuɗi. Sannan abin da muke nema ga doki, a filin folo, wato ƙwallon dawaki, ko a hawan daba, ba shi ne tsallake mita 1.60 ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Ajantina, inda 'yan wasan Kaduna da na kulob ɗin folo na Fifth Chukker da ke Kangimi suke sayo dawakinsu. Can an kafa ƙungiyar masu kiwon dawakin folo a 1984, goɗiyoyi su ne taurarin fili, ana dashen tayinsu suna kan wasa, har shahararren ɗan wasan folo Adolfo Cambiaso ya hau kwafin halitta shida na goɗiyarsa Cuartetera a wasan ƙarshe na gasar Palamo, babbar gasar folo ta Ajantina, a 2016. Goɗiyoyin Ajantina da suka gama wasa a filayenmu sun riga sun nuna abin da za su iya a idon kowa, kuma duk wadda aka bari ta tsufa ba tare da an rubuta wanda ya ba ta baye da abin da ta haifa ba, an yi asarar da ta fi kuɗin sayenta.

Abin da kundin nasaba ke buƙata ba shi da yawa: sunan uba da na uwa, ranar haihuwa, launi da alamun jiki, ƙwayar shaida da ake sawa a ƙarƙashin fatar wuya, da 'yan gashin geza da za a iya gwadawa idan gardama ta tashi kan asali, sannan a riƙa shigar da abin da dokin ya yi a fili shekara bayan shekara, har da raunin da ya samu da halin da ya nuna. Ƙungiyoyin folo da bargojin masarautu suna da dawakin da za a fara da su da mutanen da suka san su. Wahalar tana wani wuri dabam. Yawancin dawakinmu ba a Kaduna ake haifarsu ba, fatake ne ke kawo su suna 'yan shekara biyu ko uku daga Barno da Nijar da Cadi da Sudan, su bi ta kasuwannin kan iyaka irin ta Maigatari, su sauya hannu sau da yawa kafin su iso turke. Duk wanda zai buɗe kundin dole ya kai shi inda goɗiyoyin suke, ya kuma ba mai goɗiya dalilin da zai sa ya rubuta, wato duƙushi mai takarda ya fi marar takarda kuɗi a hannun mai saye na Kaduna.